Na Ce wa Iya Ya Ci

Wangsa Maju,
Kuala Lumpur.

Zuwa ga Yayana Ubale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Ɗelu da yara da duk mutanen gidanmu na Yawuri. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya sa ta huta, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Mu nan jiki dai lafiya. Firdausi ta shiga wata na uku, tana shan nono sosai, har ta fara gane muryata.

Yaya, saƙonka na murya ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe. Na ji ka ce in tattara kayana in ɗauko 'yata in dawo gida, wai ba za ka bar ƙanwarka a hannun mutumin da ya san da guba a tukunya, ya kame bakinsa, ya bar uwarmu ta ci ba. Na ji kuma ranar Juma'a Kawu Ɗan'azumi zai je gidan su mijina ya karɓo mini takardar saki. A waya ba ka bari mutum ya kai aya, da na ce «Yaya» sai ka hau faɗa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Don Allah ka karanta duka kafin Juma'ar, domin rabin labari kuke riƙe da shi, rabin kuma yana wurina.

Ka san Iya ta zo mini wankan jego ne. Ta yi wata guda a hawa na goma sha huɗu, daga kicin sai banɗaki, kullum tana mita wai wace irin ƙasa ce wannan, ruwa daga sama ba dare ba rana amma babu kogin da mutum zai tsoma ƙafa. Maƙwabciyarmu Khaulah, 'yar Kano ce da mijinta ke karatu tare da Abban Firdausi, ita ta tausaya mata. Wata ranar Asabar za su bakin teku da iyalinta, tafiyar awa biyu a mota, sai ta ce Iya ta zo ta sha iska. Ni na ɗaura mata ɗankwali, ina tsokanarta wai kada ta ga ruwa ta manta da mu.

Sun isa teku ya janye, duwatsu sun fito fili, jikinsu duk ƙumba ce manne, irin wadda mutanen nan ke kira kupang. Ka san Iya da ruwa, jikar Sarkawa masunta. Khaulah ta ce kafin su shimfiɗa tabarma Iya ta tattare zani ta shiga taɓo, tana ɓamɓara tana dariya, wai rabonta da wannan tun tana yarinya a bakin kogin Kwara. Ta cika bokiti. Akwai allon gargaɗi a wurin, hukumar kamun kifi ta kafa shi tun kwana goma kafin nan, ta hana ɗiba da sayarwa da ci. Amma ina aka kafa shi? Can wajen ajiye motoci, da rubutun Malay zalla, kuma babu ko ma'aikaci ɗaya a bakin ruwan da zai ce wa tsohuwa ajiye. Khaulah ta ga jan allo, ta ɗauka ana hana yara iyo ne. Har gobe ina jin haushin wannan allo, amma ba shi ya kashe Iya ba, domin labarin da ke jikinsa ya shigo gidanmu da Hausa tun kafin a ɗora tukunya.

Da Abban Firdausi ya ga bokitin a ƙofar kicin, sai na ga fuskarsa ta sauya. Karatunsa ke nan, lafiyar ruwa, a kansa yake yin digirin nan na uku. Ya kira ni ɗaki ya rufe ƙofa. Ya ce wani ƙanƙanin abu ne ya yaɗu a ruwan yankin, ido ba ya ganinsa, ƙumba tana zuƙarsa ta tara dafin a jikinta. Ya ce ba ya wari, ba ya ɗaci, kuma ko a kwana ana dafawa wuta ba ta kashe shi, ga shi babu allurar da ke karya shi. Ya ce in je yanzu in gaya wa Iya a zubar. Na ce ya je ya faɗa mata da kansa mana. Sai ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Wata guda suna gida ɗaya, bai taɓa wuce «ina kwana» a durƙushe ba, kansa a ƙasa, ita kuma ta juya baya tana amsawa. In tana falo, a tsaye yake cin abinci a kicin. Kai da bakinka ka yabe shi a kan haka, ka ce Malaysia ba ta cinye masa tarbiyya ba.

Na je. Amma abin da ya ba ni ba shi na kai ba. Na tarar da ita tana wanke su ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a sake irin yadda ban gani ba tun zuwanta, sai bakina ya yi nauyi. Na ce wai an ce na wannan lokacin ba su da kyau sosai, ko a bari. Iya ta ɗaga guda ta kai hancina, ta ce in shinshina. Ta ce wadda ta mutu ita ke buɗe baki tun a bokiti, waɗannan kuwa duk a rufe suke gam. Ta ce tun ba a haifi uban mijina ba take cin abin ruwa, kuma ba ta taɓa ganin ƙazantar da tafasa biyu da barkono suka bari ba. Wallahi Yaya dariya na yi. Na koma na ce masa na faɗa mata.

Washegari da hantsi ta dafa, da albasa da citta da attarugu, ƙamshi har bakin lif. Ni ta hana ni, wai maijego sai kunun kanwa da gasasshen nama. Ta zuba na farko a kwano mai murfi, ta ce in kai wa maigida. Ita ba ta taɓa nata ba. Ashe maganar tawa, duk da na rage mata gishiri, ta ɗan shige ta, jira take ta gani.

Ya buɗe kwanon, ya rufe, ya yi salati. A ce ya mayar wa suruka abincinta a cike? Bai iya ba. Ya juye a leda ya ɗaure, ya ce in je in kifar da sauran tukunyar ko da Iya za ta yi fushi da ni shekara, in ba zan iya ba in faɗa masa yanzu. Na ce zan iya. Ya maimaita, na ce haba, na ce zan iya. Ya ɗauki ledar ya fita sallar azahar. Dabarata ita ce in bari Iya ta shiga alwala, in kifar in ce tukunya ce ta suɓuce. Na fito da kwano wayam, ta karɓa ta buɗe, ta ga babu ko romo. Ta tambaye ni ko ya ci. Na ce mata ya ci, ya ce a gode. Ta yi murmushi ta ce to, masanin ruwa ma ya suɗe kwano. Daidai nan Firdausi ta tsala kuka, na shiga ba ta nono. Minti nawa ne? Da na fito Iya ta gama, tana tara ɓawon a faranti.

Ko a lokacin da na yi ihu, da an kai ta asibiti da wuri. Ban yi ba. Na zauna ina kallonta ina ce wa raina ai ga ta garau, ƙila ba duka ke da dafin ba. Kafin la'asar ta ce leɓenta ya yi mata nauyi, sai yatsu, sai ta kasa riƙe carbi. Ka san abin da ta fara cewa da harshenta ya soma karyewa? Ba ta ce a kira likita ba. Cewa ta yi in bar ta, in gudu in duba mijina, shi ya fara ci. A cikin motar asibiti ma abin da take ta ƙoƙarin faɗa ke nan, ta janyo wa ɗan mutane, a roƙa mata gafararsa. Yana zaune a gaba lafiyarsa ƙalau yana kuka, ni ina riƙe da hannunta, kuma ban buɗe baki na ce wa Iya bai ci ba. Numfashinta ya tsaya kafin mu isa. Likitoci sun sa mata na'urar numfashi kwana biyu, ba ta farfaɗo ba. Ta tafi tana ganin ita ce mai laifi.

Ma'aikatan hukuma sun zo sun ɗauki tukunya da ɓawon, gwaji ya tabbatar da abin da Abban Firdausi ya faɗa tun farko. Wata jami'a ta tambaye shi, cikin ladabi, tunda ya san da dokar hanin, me ya sa bai gaya wa marigayiya ba. Da wane Turanci zai bayyana mata cewa a wurinmu namiji ba ya duban idon uwar matarsa ya ce ajiye wannan? Ta rubuta abin da ta rubuta, ta yi mana ta'aziyya ta tafi.

Ba na wanke shi tas. Da ya ɗauki bokitin nan tun daren Asabar ya zubar, Iya ta kira shi marar kunya, da yau tana Yawuri tana ba ku labarin rashin kunyarsa. Ya san haka, shi ke hana shi cin abinci. Amma sau biyu ya ba ni gaskiya in kai, sau biyu ina canza ta a hanya. Duk zagin da ka yi masa a waya, da wanda Gwaggo Halimatu ta yi, ya haɗiye, ya kuma hana ni magana, wai gara ku tsane shi da ku tsane ni, shi bare ne. Wata biyu ina fakewa a bayansa. Na gaji, Yaya. Kuma ina jin ɗaci, ina jin haushin yadda aka rene mu, aka koya mana cewa gara komai ya lalace da babba ya ji ba daɗi. Ni na iya wannan karatu fiye da kowa, ga sakamakon da na samu.

Saboda haka ka dakatar da Kawu. In kuma sai an taru ranar Juma'a, to a taru a gidanmu, ka karanta musu wannan takarda da ƙarfi, kada ka tsallake layi ko ɗaya don ka rufa mini asiri. Ba zan bar gidan mijina a kan laifin da na san nawa ne ba. In akwai wanda za ku daina gaisawa da shi, ku daina da ni. Ba na roƙon ka yafe mini yanzu, ni ma ban yafe wa kaina ba.

Ka gaida Anti Ɗelu, da Kawu Ɗan'azumi, da Gwaggo Halimatu, da su Adnan da Zahraddeen. Abban Firdausi bai san na rubuto ba, da ya ce a gaishe ka. Allah ya jiƙan Iya, ya haɗa mu da ita a inda zan iya faɗa mata.

Wassalam.

Ƙanwarka, in har ka gama karantawa kana kirana haka,
Surayya