Yara Biyar da Aka Bari a Gida

Baban yara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aikin hanyar, yaya kuma ƙafar nan da ka ƙi nuna wa likita? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Auta ta ce in gaya maka haƙorinta ya fita, ta ajiye ka zo ka gani.

Ka san makarantun gwamnati huɗu ne a gundumarmu. To, ranar Litinin an tara mu shugabanninsu a ofishin ilimi, aka ce kuɗin da ake turowa ba zai ƙara riƙe huɗu ba. Wadda ta zo ta ƙarshe a jarrabawar aji shida ta bana za a rufe ta, a raba kasonta ga sauran. Bara mu ne na ƙarshe. In aka rufe mu, sai yaranmu sun yi tafiyar awa ɗaya da rabi, sun haye rafi, kafin su ga allo. Na san iyayen garin nan, rabinsu ba za su bar ƙananan su je ba.

Ina dawowa mataimakina ya biyo ni ofis ya ja ƙofa. Ya ajiye mini takarda mai sunayen yara biyar, waɗanda suka fi rauni cikin ashirin da ukun da ke aji shida. Wai in ba su zauna jarrabawar ba makinmu zai tashi, kuma wai sauran makarantun haka suke yi tun tuni, mu ne kawai sakarkaru. Na yi masa tatas, na ce ya kwashe takardarsa. Bai ɗauka ba, ni ma ban yaga ba.

A cikinsu har da 'yar kafinta, wadda yara ke kira Doguwa. Sai bara ta fara haɗa baƙi, amma kullum ita ke riga kowa zuwa, har maigadi. Ka taya ni addu'a, kaina ya ɗau zafi.

Taka,
Maman yara

Baban yara,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. Saƙonka ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Takalman Auta sun yi mata yawa, ka manta ɗiya ka haifa ba soja ba.

Na daɗe ban rubuto ba saboda kunya. An yi jarrabawa, kuma na aikata abin nan. Ni da ƙafata na bi gidajen yaran biyar, na ce wa iyayensu sunayensu ne ba su fito daga ofis ba, an duba an ga ba su kai ba. Babu wanda ya yi mini gardama, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Kafinta har rako ni ya yi bakin hanya yana godiya, wai na yi iya ƙoƙarina a kan yarinyarsa.

Ranar jarrabawar na hango Doguwa a bayan katanga da kayan makaranta a jikinta, fensir biyu a hannu, ta fere su tsaf. Ta zo ne ko a ce an yi kuskure. Na sa maigadi ya ce ta koma gida, ni kuwa na shige ofis na ƙi fitowa.

Ina ta gaya wa kaina cewa yaran makarantarmu ɗari da sittin na cetar. Wallahi zuciyata ta ƙi karɓa. Kada ka yi mini faɗa a wasiƙa, ka bari sai ka zo.

Matarka,
Maman yara

Baban yara,

Ina gaishe ka, ina gaida abokan aikinka. Na ji daɗi da ka je asibiti a ƙarshe, ashe kana jin magana in ka ga dama.

Sakamako ya fito, mu ne na biyu. Makarantar ƙetaren rafi aka rufe. An kawo mana kwanon rufi da benci talatin, mataimakina sai washe baki yake, iyaye suna ta zuwa yi mini barka.

Kafinta aka ba aikin rufin. Kwana uku ina jin ƙarar gudumarsa a saman kaina, a na huɗu na kasa. Na kira shi ya sauko, na gaya masa gaskiya tun daga farko, cewa sunan 'yarsa ya fito, ni ce na hana ta. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce ba shi zan gaya wa ba, in je in gaya wa wadda ta yi wata uku tana cewa kanta ba ya ja.

Jiya na sami Doguwa a ɗan shagon uwarta tana auna sabulun gari. Tana ganina ta durƙusa, ta fara ba ni haƙuri wai ta ɓata mini lokaci shekara shida. Baban yara, a nan na fashe da kuka, a gaban masu saye. Na gaya mata komai, na roƙe ta ta dawo ta zauna ta baɗi. Ta ce a'a. Sa'o'inta sun wuce sakandare, ba za ta iya zama da ƙannenta suna yi mata dariya ba. Na yi magiya har na gaji, ba ta canja ba.

Abu ɗaya ta roƙe ni, in je in faɗa wa sauran huɗun. Ta ce ɗaya daga cikinsu, ɗan mai gyaran keke, ya sha duka a hannun ubansa ranar da na je gidansu, har yau ba ya cin abinci tare da shi. Ban san da wannan ba sai jiya.

Na san in magana ta bazu za ta kai ofis, kuma aikina na iya tafiya. Ka shirya jin haka. Saura gida huɗu, gobe da safe zan fara da na mai gyaran keke.

Ka yafe mini, ka kuma sa ni a addu'a.

Matarka,
Maman yara