Ɗan Aikenku Ya Yi Godiya a Gidan Makoki

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar amsa saƙon imel,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ban san sunanka ba, ban san garin da kake ba. Na rubuta wa ofishinku, na'ura ce ta amsa mini da godiya. Shi ya sa na kawo maganar fili.

Ni tsohon malamin firamare ne a Haɗeja. Matata ta rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci, ni kaɗai ne a gidan nan. Hannuna rawa yake, ido ma ya yi rauni. Cikin waɗanda muka shiga kwalejin horon malamai tare, mutum ɗaya ya rage mini, Malam Garba na Kafin Hausa. Kunnensa ya toshe, kiran waya ba ya yi masa amfani, don haka muka koma rubutu. Da babbar sallah 'yata Hadiza ta zo daga Kano, ta ga yadda nake fama da maɓallan waya, ta sa mini abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Ta ce in ɗauke shi kamar ɗan aike: in faɗa masa abin da nake so, shi kuma ya yi amfani da manhajarku ya isar.

A tsakiyar damina, lokacin da kogi ya cika ya yanke hanyar Kafin Hausa, zazzaɓi ya kwantar da ni. Ina kwance wayar ta ce ga saƙo daga Garba. Na ce a shirya masa amsa, in na tashi zan duba. Ban san abin da ke ciki ba. Ashe matarsa ce, Hajiya Balaraba, Allah ya yi wa rasuwa. Saƙo ɗaya ya aika wa 'ya'yansa da surukansa da ni, ya sa masa kai "Sanarwa".

Da na samu sauƙi na buɗe, sai na tarar amsa ta tafi tun ranar, da sunana a ƙasa. An ce na gode da wannan sanarwa, Allah ya sanya alheri, ya maimaita mana. Kuma duk wanda Garba ya aika wa, ya samu.

Yallaɓai, matar nan ita ta yi wa matata wanka ranar da ta rasu.

Hadiza ta ce akwai takardar bayani da kuka rubuta, wadda ɗan aiken yake karantawa ya san yadda zai riƙe manhajar. Na sa ta buga mini, ta ba direban motar Kano ya kawo. Na yi Turanci a zamanin da ake dukan mutum a kan waƙafi, don haka na zauna da tabarau na bi ta layi layi, kamar yadda nake duba jarrabawa. Ga abin da na samu.

Na ɗaya. Takardar ta ce manhajar tana amsa saƙo. Shi ke nan. Ba ta ce aikawa take nan take ba, ba ta ce ajiyewa take sai mai shi ya duba ba. Ni shiri na nema. Ɗan aiken ya ga ƙofa ɗaya, ya bi ta.

Na biyu. Akwai wani zaɓi mai suna "kowa". Ba a faɗi ko su waye kowa ba, ba a kuma faɗi cewa a kunne yake zuwa ba. Da amsar ta tsaya wajen Garba shi kaɗai, wataƙila da ya ce tsufa ne ya taɓa ni. Yanzu surukansa ma sun karanta.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Babu inda aka rubuta cewa a karanta saƙon mutum kafin a amsa masa. Lambar saƙo da kan da aka sa masa kawai manhajar take nema. Ɗan aiken ya ga "Sanarwa", ya ɗauka aure ne ko suna. Misalan da kuka kawo duk na ofis ne, taro da ciniki da godiya. Ko a garinku ba a mutuwa? Da nake hedimasta, in zan aiki masinja gidan rasuwa, sai na gaya masa wanda zai fara gaisarwa, da inda zai cire takalmi, da cewa ya zauna tukuna kafin ya buɗe baki. Ba don ba shi da hankali ba. Wanda ya aika shi ne ke da alhakin bayani.

Na huɗu. Ba ku ce abin da ya tafi ba ya dawowa ba.

Na kashe ɗan aiken. Da yatsana mai rawa na rubuta wa Garba ta'aziyya, daga azahar har la'asar ina gogewa ina sakewa. Shiru. Na sake rubutawa, shiru. Tun ina kwance aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ba a gan ni ba, ba a ji daga gare ni ba sai wancan saƙon. Zama ya gagare ni. In fita ƙofar gida, in dawo tabarma, in ɗauki wayar, in ajiye. Na tambayi masu babur a kan hanyar, sun ce sai an hau kwalekwale a tsakiya, ni kuwa gwiwata ba za ta iya ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ku gyara takardar, ku faɗa ƙarara: tana aikawa ko tana ajiyewa, wa ke samu, kuma a karanta kafin a amsa. Ku ba wanda bai san manhajar ba ya duba ta, ku ga ko zai gane. Sannan wani mutum mai rai a cikinku ya rubuta wa iyalan Malam Garba, ya shaida cewa kalmomin nan ba daga bakina suka fito ba. Ni in na faɗa, za a ce kare kaina nake.

Allah ya yi maka jagora, ya albarkaci sana'arka, ya raba ka da ranar da za a yi magana da sunanka kana kwance.

In kuma akwai wanda zai kai wannan takarda Kafin Hausa, don Allah ya nuna wa Garba wannan wurin, ya bar shi ya karanta da kansa. Garba, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya Balaraba, ya gafarta mata, ya sa ta huta. Ruwa yana janyewa. In ina da rai ranar da hanya ta buɗe, ko ɗaukata za a yi, zan zo in zauna a zaurenka. In ka ga dama kada ka ce mini komai.

Wassalam.

Malam Idi, tsohon malamin firamare,
Haɗeja, Jihar Jigawa.