Katunan da Ke Falon Barau

Jurf, Madina

Zuwa ga Yaya Rabi'a,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Kano, ya ƙafar taki? Rubutowa na yi saboda a waya ba ki barina in kai ƙarshen zance.

Jikin Inna da sauƙi, abinci ne dai ta rage. Wata magana ta ɓullo da ita. Kin san katunan 'yan ƙwallon kulob ɗina da nake tarawa tun ina wankin motocin alhazai a Bi'ir Ali. Yau warsha, wato gareji, tawa ce, gidan ma da gumina na kama shi, har na sa an yi musu akwatin gilashi a falo. To wai mala'ikun rahama ba su shiga gida mai hoto, ita kuwa ta zo Madina ne ta cika a nan, ba ta son ajali ya same ta cikin fuskokin 'yan ƙwallo. Na ce mata kwali ne, ko tafin hannu bai kai ba. Ba ta musa ba, ta dai daina ratsa falon.

Katin mai tsaron gida na shekarar da muka ci kofi kaɗai ya rage mini. Wani Bakri a Jidda ya yi alkawarin samo shi. In jerin ya cika, sai mu ga yadda za a yi.

Ki gaida yara.
Ƙaninki, Barau

Yaya Rabi'a,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Saƙonki ya iso, faɗan ma ya iso.

Inna ta kwashe shimfiɗarta ta koma bakin ƙofar gida, kan matakala, inda sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ba ya kaiwa. A wannan zafin! Maƙwabta na wucewa suna gaishe ta, ni kuma su bi ni da ido. Sundus matata ta yi ta kuka kafin Inna ta yarda ta dawo ciki. Na lulluɓe gilashin da bargo. Da ta gani sai ta tambayi Sundus ko bargo yana rufe wa mala'ika ido.

Dakta Sharfuddeen ya duba Inna, ya ce kai ta mustashfa, wato asibiti, ba zai ƙara komai ba, mu riƙa zama kusa da ita. Yanzu ba ta kallon kowa sai ƙofar ɗakinta, kamar mai jiran baƙo. Gaskiya kallon nan ya fara damuna. Amma Yaya, ban taɓa roƙon kowa komai ba a ƙasar nan, abin da na tara kuma ba zan zuba a shara ba. Bakri ya ce Juma'a zai kawo katin.

Wassalam,
Barau

Yaya,

Ina yi mana ta'aziyya. Kin ji rasuwar a waya, ga yadda aka yi.

Ranar Alhamis da hantsi numfashinta ya canja. Ta kama hannuna ta ce, "Barau, ka buɗe musu hanya." Na tashi na hau kwashe katunan. Sundus ta ce in tura su waje hakanan in dawo, na ce rana za ta cinye musu launi. Na jera su a kwali yadda ba za su lanƙwashe ba, na nufi warsha da su, don ban yarda wani ya ɗauka ba. A hanyar Bi'ir Ali motocin masu ɗaura harami suka tsare ni. Ina cikinsu Sundus ta kira.

Ita ta laƙƙana mata kalmar shahada. Ta ce sai da Inna ta tambaya ko an fitar, aka ce mata an fitar. Sannan ta tambaya ina nake.

An yi mata salla a Harami, ta samu maƙabartar Baƙi'a yadda ta so. Ki yafe mini in za ki iya.

Ƙaninki,
Barau