Turancin Baduku

Daura, ranar Litinin

Malam Yahya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya iyali, ya damina a Zango? Da kunnenka na aiki da waya zan buga, amma kai sai an yi ta ihu kamar ana kiran ɓataccen jaki, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Ɗana Abdulrazak zai zo daga Fatakwal nan da mako biyu, tare da 'yarsa Yasmin. Shekararta bakwai, rabona da ita tun tana goye, kuma ba ta jin Hausa ko ta sayen ƙosai. In an ba ta waya sai ta ce "hello", in ce "hello", shi ke nan ta miƙa wa ubanta. Abin yana ci mini rai. Na kasa zama a rumfa, fata na gabana amma hankalina na can.

Shekara talatin ka yi kana koya wa 'ya'yan mutane Turanci, yau ga ɗan gwaggonka. Rubuto mini zo, zauna, ci. Sannan mummuna da malalaciya, don da irin wannan tsokana kakanmu ya rene mu, kuma ba zan karɓi jikata kamar baƙuwa ba.

Naka,
Ma'aruf Baduku

Zango, ranar Laraba

Zuwa ga ɗan'uwana Ma'aruf,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarka ta iso, kuma kunnena na gaishe da haƙoranka biyu da suka rage.

Zo shi ne "come", zauna "sit", ci "eat". Ka riƙa haɗa su da "please", domin ita ce ke tausasa umarni. In babu ita, yaro zai ji kamar tsawa kake yi masa. Ka maimaita kowacce sau goma bayan kowace salla.

Sauran biyun ba da son raina zan ba ka ba. Mummuna "ugly", malalaciya "lazy". Ka sani kalma ba ma'anarta kaɗai ake koya ba, har da wurin da ake faɗinta. Yarinyar nan ba ta tashi inda kaka ke tsokanar jika ba. Shawarata ka ajiye su tukuna.

Wassalam,
Yahya Lawal

Daura, ranar Talata

Malam,

Sallama da gaisuwa a gurguje. Na yi ɓarna.

Sun iso Juma'a. Na ce "come", ta zo. Na ce "sit", ta zauna kusa da ni a kan buzu, har tana taɓa jan takalmin da na ɗinka mata. Daɗi ya ɗebe ni. A gaban mutanen gida na ja kumatunta na ce "ugly", na ƙara da "lazy", ina dariya, ina jiran ta rama. Kowa ya yi dariya ban da ita. Ta dube ni, idonta ya cika, ta ajiye takalmin ta shige bayan matata Haulatu.

Maganata ta farko da ta fahimta sarai ke nan, kuma ita ce ta raba mu.

Kwana huɗu yanzu, in na shigo ta ƙofa sai ta bi ta bayan rumbu. Abdulrazak ya ce mata wasa ne, ta ce wane irin wasa ne mutum ɗaya ke kuka. Jiya sau biyu ina ɓata yankan fata. Na je tasha ba dalili, na dawo, na sake komawa. Asabar za su tafi, kuma a shekaruna ban san ko zan ga wani zuwan ba. Kada ka ce ka faɗa mini, na sani. Aiko mini da kalmar ban haƙuri kawai.

Ma'aruf

Zango, ranar Laraba

Ɗan'uwana,

Bayan gaisuwa, ba zan ce na faɗa maka ba, tun da ka riga ni.

Kalmar ita ce "sorry". Ka durƙusa daidai tsayinta kafin ka faɗa, kuma ban da dariya. Amma ita kaɗai ba za ta isa ba. Mu da kakanmu wasan ya yi daɗi ne don muna ramawa, ita kuwa ka tsokane ta alhali ba ta da abin mayarwa.

Ga wata 'yar takarda a naɗe, da Turanci na rubuta, ta Yasmin ce. Ka ba Haulatu ta miƙa mata. Ko ka buɗe ba abin da za ka gane.

Allah Ya daidaita.
Yahya Lawal

Daura, ranar Asabar

Malam,

Salamu alaikum. Sun tafi.

Na durƙusa na ce "sorry" ranar Alhamis, gwiwata har yanzu ciwo take. Ta wuce ta bar ni a durƙushe. Jiya kuma na gan ta a zaure da takardarka, bakinta na motsi.

Yau da safe ta fito da jan takalmin a ƙafarta, ta shiga mota ba ta dube ni ba. Direba ya tayar. Sai ta leƙo ta taga, ta ce da Hausa, tana jan kowace kalma: "Tsoho mummuna, mai haƙori biyu."

Duk layinmu aka kwashe da dariya. Na san aikinka ne, kuma ba zan yafe ba. Na buɗe baki in rama, Turancin ya watse, hawaye ya hana ni ganin motar sosai. Abin da ya zo bakina kawai na faɗa: "Come, please."

Ta ce, "To, Kaka."

Naka,
Ma'aruf