Inna Za Ta Ga Teku

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan makaranta. Yaya ciwon bayan nan, ya sake ki? Mu nan lafiya ƙalau. Inna tana gaishe ki. Ɗanki Ƙiriniya ma da ya aiko da tasa gaisuwar, sai dai duk biron da ya shiga hannunsa baki yake kai shi.

Na ga gara in rubuto maimakon waya. Kin san kunnen Inna, ko a banɗaki kike raɗa sai ta amsa miki daga falo.

Albishirinki! Baban Ƙiriniya ya samu hutu a wurin aiki, ni ma mai kantin maganinmu ta yarda ta sake ni, za mu je tsibiran nan na cikin teku da nake ta turo miki hotonsu, masu farin yashi da bishiyoyin kwakwa. Tun da aka yi aurenmu ba mu taɓa zuwa ko'ina tare ba, in ba gaisuwar rasuwa ba. Amma Yaya, ashe shirin tafiya da ɗan shekara biyu wani aiki ne na daban. An kai shi hoton fasfo ya ciji mai hoton a yatsa. An yi masa allurar rigakafi ya tara mana mutanen asibiti. Na sayo masa rigar da ke hana yaro nutsewa, da malfa, da man shafawa saboda rana. Malfar tuni ya tsoma ta a bokitin wanki. Akwati guda kunzugunsa ne kawai a ciki.

Babban labarin shi ne da Inna za mu tafi. Tana tsince shinkafa na gaya mata, sai ta ajiye farantin ta ce in sake faɗa. Kin san ba ta taɓa ganin teku ba. Tun ranar ba ta zauna ba. Ta kai wa tela atamfar nan da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati, ta sa an gyara mata gilashin ido, wai kada ta je ta ga rabin teku. Babu maƙwabciyar da ba ta shiga ta gaya wa ba. Shi kuwa jikan nata kullum sai ta ja kumatunsa ta ce, "Maigida, ka shirya, amarci za ka kai ni in ci a tsibiri."

Kowa sai sa min albarka yake. Abokan aikina suna cewa na fita kunyar uwa, matar da ta riƙe min yaro tun ranar da na koma aiki ai ta cancanci fiye da haka. Ina murmushi ina cewa amin, amma duk sanda aka yabe ni sai in yi saurin sauya zancen. Bar shi dai, wataƙila gajiya ce.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

* * *

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da yara, da maigidan. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Na yi abin kunya, kuma gara ki ji daga bakina.

Lokacin da na fara magana a waya da matar ofishin tafiye-tafiye, na zaɓar mana abubuwa ni da Baban Ƙiriniya: yawon jirgin ruwa da safe zuwa ƙananan tsibirai, kallon kifaye a cikin ruwa, cin abinci a wani wuri da ba a shiga da yara. Sai matar ta tambaye ni ko otal ya tanadar mana mai kula da yaro. Na ce mata a'a, muna da mai raino, da ita za mu taho, a sa gadon yaron a ɗakinta.

Yaya, ban ce uwata ba. Na so in gaya miki cewa sauri nake yi, layi ya cika a kantin. Gaskiya ne layi ya cika. Amma ba sauri ne ya sa kalmar a bakina ba, a raina take. Ban sa Inna a tafiyar nan don ta ga teku ba, na sa ta ne don ni in gan shi hannu sake.

Jiya aka ce mu zo mu karɓi tikiti, kowa da kansa. Baban Ƙiriniya yana wurin aiki, ya ce zai biya ta can daga baya, sai na tafi da Inna. Ta sa sabon ɗinkin, ta ce bari ta gwada shi a gaban mutane. Ofishin ƙarami ne, mai sanyin na'ura, da kujeru uku da babban hoton bakin teku a bango. Inna ta tsaya gaban hoton da yaron a kafaɗa tana nuna masa ruwa. Da muka zauna, matar ta ɗago kai da fara'arta ta ce, "Wannan ce mai rainon taku? Sannu Baba. Ɗakinki yana ta bayan otal, kusa da wurin wasan yara. Ba ya kallon teku, amma za ki ji daɗin aiki, komai na kusa. Su Hajiya za su riƙa fita da sassafe, sai yamma."

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Inna ta dube ni, ba da fushi ba, kamar mai jira in gyara. Ban gyara ba. Sai ta gyara wa yaron zama a cinyarta, ta ce, "E, ni ce."

Sai a lokacin na ce, "Mahaifiyata ce," da wata 'yar murya da ni kaina ban gane ta ba. Matar ta rufe baki da hannu tana ta ba da haƙuri, alhali ba ta da laifin komai, abin da aka gaya mata ta faɗa.

A mota Inna ta zauna a baya da yaron. Ta cire gilashin ta sa a jaka, ta riƙa bubbuga bayan yaron har ya yi barci. Da muka iso ta shiga ɗaki ta sauya kaya, ta fito ta ɗora masa madara kamar kullum.

Da na gaya wa Baban Ƙiriniya ya daɗe yana kallona. Shi duk a zatonsa kyautatawa ce, har ya yi ta faɗa wa abokansa irin matar da ya aura. "Haba," kawai ya ce, ya ɗauki butarsa ya fita. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Don Allah kada ki kira ta tukuna. In ta san na kai ƙara gare ki zai ƙara mata ciwo.

Taki cikin kunya,
Auta

* * *

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma jarrabawar yaran ta zo da sauƙi. Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye a kantin maganinmu, na shiga ɗakin ajiyar magani na yi kukana. Duk abin da kika faɗa na cancanta. Inda kika ce na mayar da Inna kamar famfo, ba na tuna ta sai ina buƙata, nan ne ya fi yi min zafi.

Kwanakin nan gidan ya yi min faɗi. Inna ba ta fasa komai ba, tana yi wa yaron wanka, tana amsa gaisuwata, amma babu tsokana, babu dariya. Na ji ta ta taga tana gaya wa maƙwabciyarmu mai ɗinkin labule cewa tafiyar ba lallai ba ce, gwiwoyinta sun matsa mata. Har a nan rufa min asiri take yi.

Na koma ofishin da ƙafata. Na soke yawon jirgin da duk sauran, na sa aka ba Inna ɗakin da ke kallon teku, aka mayar da gadon yaron namu ɗakin. Sannan na zo na same ta tana ninke kayan shanya, na durƙusa na riƙe ƙafarta. Na shirya magana mai tsawo, amma ban iya wuce "Inna ki yafe min" ba.

Ta bar ni a durƙushe har ta gama ninke zanen gadon. Sannan ta ce, "Tashi, ba raino ne ya ƙona min rai ba. Wa na raina in ba ku ba? Da kin zo kin ce, Inna, ina so in huta da mijina, zo ki riƙe min shi, wallahi da gudu zan zo, ko a ɗakin girki za a ajiye ni. Amma kin bar ni ina bi gida-gida da tsufana ina cewa 'yata za ta kai ni in huta. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan."

Na ce mata na gyara komai, ta daure ta zo. Sai ta ce, "In zan je, baƙuwa zan je. Hannuna ba zai taɓa kunzugu ba, ba zan ba shi abinci ba, ba zan goya shi ba. Kuma ba sai mun isa can za ki fara koyo ba."

Ranar hutuna ta saka mayafi ta tafi ziyara, ta bar min ɗana. Yaya, ashe ban san shi ba. Na ba shi ayaba a yanke ya watsar, ashe sai a hannu yake ci da ɓawonta a ƙasa. Na kwantar da shi barcin rana ya yi ta ihu, ban san sai an ba shi gefen zane ya riƙe ba. Yana ta faɗar wata kalma yana nuna firji, na fito da duk abin da ke ciki ban gane ba. Ni da nake bayyana wa iyaye mata yadda za su ba 'ya'yansu magani! Da Inna ta dawo ta same mu a zaune a ƙasa, shi yana kuka ni ina kuka. Ta tsallake mu ta wuce ɗaki. Daga ciki ta ɗaga murya ta ce, "Ruwa yake so, a kofin mai hannu biyu."

Ta karɓi fasfonta ta sa a jaka. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

* * *

Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum daga tsibiri. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Mun sauka lafiya, sai dai a jirgi Ƙiriniya ya yi abin da ya saba, ya zubar wa wani bawan Allah shayi a riga. Ni na yi ta zagaye da shi tsakanin kujeru ina ba mutane haƙuri. Inna tana jikin taga, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Wurin ya fi hoton kyau, amma rabinsa a guje nake ganinsa. Yaron nan yashi yake ci da hannu biyu. Baban nasa yana karɓarsa in na gaji, kuma ya fara yi min magana kamar da, alhamdulillahi.

Abin da nake so in ba ki labari ya faru ne da safen farko. Muka sauka bakin ruwa gaba ɗaya. Inna ta tsaya cak, ta daɗe tana kallo, sai tasbihi take yi a hankali. Ana haka wata igiyar ruwa ta taso da ƙara ta daki ƙafafun Ƙiriniya. Ya ƙwalla ihu, ya juyo a guje. Ina gabansa, Yaya, na buɗe hannu. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya je ya rungume ƙafar Inna yana miƙa hannu ta ɗauke shi.

Na ga hannunta ya taho da kansa, sai ta mayar da shi ta harɗe a baya. Ta ce, "Maigida, ga uwarka can."

Na ɗauke shi yana turjewa, yana dukan fuskata, yana kiran ta. Mutane suna kallonmu daga ƙarƙashin laimominsu. Ban sake shi ba. Na manna shi a ƙirjina ina jijjiga shi ina yi masa surutun da ni ma ban san me nake faɗa ba, har kukan ya koma ajiyar zuciya, ya cusa fuska a wuyana. Da na ɗago sai na ga Inna ta juya mana baya tana goge ido da bakin mayafi. Duk tsawon kwanakin nan ina ɗaukar horo take yi min ita tana hutawa. Ban taɓa tunanin yadda abin yake cin ta ba. Wannan ma wata kunyar ce a kan ta farko.

Har yanzu ba ta ce ta yafe min ba, ni ma ban sake tambaya ba. Amma da ta gama goge idon, sai ta sunkuya ta tuɓe takalmanta, ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Auta, riƙe min, kada ruwa ya tafi da su."

Haka na tsaya, yaro a hannu ɗaya, takalman Inna a ɗayan, ina kallon bayanta. Ta ɗage zane kaɗan, tana taka ruwan a hankali, har ya kai mata gwiwa. Wata igiyar ta zo ta jiƙa ta har ƙugu. Na zaci za ta dawo, sai na ji ta fashe da dariya, ta ƙara taku ɗaya gaba.

Ki gaishe da maigidan da yara. Ɗanki ya farka, ga shi can yana ƙoƙarin buɗe ƙofar baranda, bari in tashi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta