Ni Ba Makaɗi Ba Ne, Rahamatu

Zuwa ga Rahamatu ɗiyar Malam Sada, ruwan farko na daminata, inuwar gawo a tsakiyar rani, farar zumar da ƙudan Kusada suka haɗu suka kasa yin irinta! Gaisuwa mai yawa daga Dawuda tela na kasuwar Kankiya, wanda ya daina cin abinci, sai dai fura.

Bayan haka, labari ya iske ni cewa akawun En'e ya kai wani kati gidanku, irin wanda Turawa ke aika wa danginsu gaisuwar Kirsimati. An ce hotona ne a jiki, na rungume garaya ina washe haƙora, ga wata mace a gefena. An ce akawun ya fassara rubutun da ke ƙasa, wai makaɗi da amaryarsa. An kuma ce Baba ya mayar da goron da kawuna ya kai, ya ce bai haifi ɗiyar da zai ba maroƙi ba. Ya hasken idona, wanga hoto ni ne, amma ban da hulata babu gaskiya a cikinsa.

Ga yadda aka yi. Bara da kaka, ranar kasuwa, Ɗanmaliki mai garaya ya ba ni ajiyar garayarsa ya tafi salla. Sai ga wani Bature da akwatin ɗaukar hoto, dogari na biye da shi. Ya dubi keken ɗinkina ya girgiza kai, wai akwai irinsa a garinsu. Ya dubi garaya ya yi murna. Dogari ya ce in ɗauka, na ɗauka. Ya ce in yi dariya, na yi. Wa ke musu da dogari ranar kasuwa? Matar kuwa Iyatu ce mai nono, ta zo karɓar zanenta, jikokinta sun kusa yaye. Har yau ba ta san an ɗaura mana aure a Ingila ba, kuma ina roƙon kada mijinta ya ji, don sandarsa doguwa ce.

Ya tauraruwar asubahina, ke ma ai shaida ce! Kin manta ranar bikin ƙawarki Hawwa'u, da la'asar, kuna gaɗa a gindin tsamiya? Kina tsakiyar da'ira kamar barewa, na tsaya gefe zuciyata na narkewa kamar man shanu a rana, na sa hannu in taya ku tafi. Sai waƙa ta watse. Ku duka kuka juyo kuna neman wanda ya ɓata kiɗan. Kika dube ni, kika rufe baki da gyale kina dariya. Da dariyar nan nake rayuwa har yau. Mutumin da tafi ya gagara, shi ne zai iya garaya?

Wayyo Rahamatu! Tun da goron nan ya dawo, allura ta fi shiga yatsana fiye da yadi. Na ɗinka wa wani wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya zage ni, na gode masa.

Ga roƙona. Ki sa Inna ta lallashi Baba ya ba ni zama ɗaya a zaure ranar Juma'a bayan an sauko. Zan aro garayar Ɗanmaliki in zo da ita, in kaɗa a gabansa iyakar ƙoƙarina, ba ha'inci. Ya kira maƙwabta su zama shaidu. In an sami mutum ɗaya da ya gyaɗa kai, na haƙura da ke. A dai ɗaure awaki tukuna, kada su tsere.

Ni ne naki, yau da gobe, har ranar da za a ɗinka mini abin da ba ni zan ɗinka ba,

Dawuda tela, Kankiya.