Ni na yi jinyar zomayen, Lawali aka rubuta

Zuwa ga mai girma Farfesa, shugaban cibiyar binciken ciwon zuciya da na yi wa aiki shekara uku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Isufu mutumin Urafane, malamin dabbobi, wanda kuke kira "mai zomaye". Sau biyu ina aika takarda bironka, wato ofishinka, ba amsa. Shi ya sa na fito fili.

Don masu karatu su gane: idan jijiyar zuciya ta tsuke, likitoci kan zura mata wata ƴar ragar ƙarfe da ake kira siten, ta tokare ta jini ya wuce. Wani lokaci jijiyar takan sake tsukewa, don haka ake shafa wa ragar magani. Iri biyu muka gwada a jijiyoyin zomaye, don a ga wadda ta fi hana tsukewar.

Na farko. Ni ke ciyar da zomayen nan, ni ke auna su, ni ke riƙe su a yi musu allurar barci. Ranar da za a fid da jijiyoyin a duba, ni ke raba su da ransu, bayan na san kowane da halinsa. Lawali, abokin karatuna tun muna lakkol, makarantar boko, a Tasawa, wanda ni na kai takardunsa gabanka aka ɗauke shi, yana gaban na'ura cikin sanyi. Ko warin ɗakin zomayen ba ya so.

Na biyu, kuma nan ne ciwon. Ana zuba wa zomayen maganin hana daskarewar jini a ruwan sha. Ni na lura waɗanda ke layin bango ba sa shanye ruwansu, ke nan maganin ba ya isarsu, kuma yawancinsu iri ɗaya na siten aka sa musu. Da an tafi a haka, da an ɗora wa ragar laifin da ba nata ba. Na riƙa cuɗa maganin da ɗan karas ina ba kowane a baki. Na faɗa wa Lawali muna cin shinkafa da wake, ya ce mini, "Bari, aboki, ni zan gaya wa Farfesa da sunanka." Ranar taro ya miƙe ya yi bayani da faransanci mai santsi, aka tafa masa. Ina tsaye bakin ƙofa da bokiti a hannu. Bai dubi inda nake ba.

Na uku. Takardar binciken ta fito. Sunan Lawali na sama, nawa ko a layin godiya babu. Shi aka ba bursi, kuɗin ƙaro karatu, ya tafi ƙasar waje, ni aka ce kwangilata ta ƙare.

Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya ba, ina jin hassadarsa. Na san haramun ce, ina istigfari, amma ba ta fita ba. Yanzu ina bisa moto, wato babur, tsakanin Korgom da Attantane ina yi wa awaki rigakafi. Duk kasuwar da na tsaya sai wani ya miƙo mini salula: "Ka ga hoton mutuminka cikin farar riga?" A Mayahi, garinsu, har an fara kiransa dokta. Inna ta tambaye ni ran nan tana tankaɗe, "Isufu, ba tare kuka yi aikin ba? To kai mi ka yi musu?" Na fita na duba akuyar da ba ta da ciwon komai.

Ban ce Lawali ba shi da ƙwaƙwalwa ba. Ya fi ni lissafi tun muna yara, wannan ma yana cikin abin da ke cina. Amma abin da idona ya gani nawa ne.

Ga roƙona. A buɗe littafin ɗakin zomaye, mai koren bango, rubutun hannuna ne daga farko har ƙarshe, a ga wa ya fara rubuta zancen ruwan. A gyara takardar, a sa sunana inda ya dace. A ba ni shaidar aiki da ta faɗi abin da na yi, ba "mai kula da dabbobi" kawai ba. Kuma ka tambayi Lawali da bakinka, ba ta takarda ba. Ina kyautata zaton ba zai iya musu a gabanka ba.

An ce zai zo gida da babbar salla. Dole in je gaishe shi, don mahaifiyarsa ta ciyar da ni shekarun lakkol, lokacin suna zaune Tasawa, kamar ɗan cikinta. Ina so in miƙa masa hannu in ce barka da zuwa, zuciyata ta yarda da bakina. Wannan yana hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa aikin nan ya amfani masu ciwon zuciya, ya yaye mini abin da ke cikin tawa.

Wassalam.

Isufu, malamin dabbobi, Tasawa.